Isnadin Tarzuna

Ƙarfe biyun dare a Hull,
ruwa na ƙwanƙwasa taga kamar mai bin bashi.
Na taso daga kamfanin kifi, hannuna na ƙarni,
na buɗe kundin sanin nan na kowa da kowa,
gandun da dubban hannuwa ke nomawa
ba wanda ya san fuskar wani.
Nawa aikin cire ciyawa ne. Ba a biya.

A daren na ci karo da Tarzuna.

Tsibiri ce, in ji rubutun, can arewa da inda jirage ke juyawa,
mutum dubu arba'in da ɗaya da ɗari biyu da shida.
Shidan nan ce ta so ta ruɗe ni;
gwanin ƙarya ba ya cike lissafi.
Gishiri suke fitarwa, da zaren shuni.
Sarauniyarsu ta uku ta hana busa sarewa ranar Laraba
saboda wani jirgi da ya nitse da ƙanenta.
A tutarsu akwai zalɓe mai ƙafa ɗaya.
Daga ƙasa, hujjoji goma sha tara
sun jeru kamar takalma a ƙofar masallaci.

Na bi isnadin.
Littafi ya ce daga jarida ya ji,
jarida ta ce daga wani malamin jami'a,
malamin ya rasu, takardarsa ta ce:
a duba kundin.
Akuya ce a turke,
ta zaga, ta zaga, ta dawo tana sunsunar sawunta.

Ran Asabar na tafi laburare da lema mai karyayyen haƙarƙari.
Misis Pettifer ta turo mini taswirorin matuƙa a kan amalanke,
masu warin ƙura da tsohon taba.
Muka sa yatsa daidai inda aka ce.
Shuɗin ruwa.
Lambar zurfi.
Da wani ƙuda da ya mutu a shafin tun ba a haife ni ba.
Ta ce, "Mista Barmo, ko dai teku ta cinye ta?"
Na ce teku ba ta cin abin da ba a dafa ba.

Gani ya kori ji. Shi ke nan, sai sharewa.

Amma bara na rubuta garinmu a kundin,
Kwarin Maje:
rijiya uku, ɗaya mai ɗanɗanon kanwa,
kasuwar Litinin da ke watsewa kafin la'asar,
kukar da aka binne cibiyata a gindinta.
Kakata Tasalla ta san wanda ya haƙa kowace rijiya
da abin da aka ba shi lada.
Kafin shayina ya huce an goge.
Babu hujja a rubuce, suka ce,
kuma gaskiyarsu, ni ma da haka nake hukunci.
Kakata ba ta da lambar shafi.

To ga ƙasar da ba ta da ko turɓaya,
shekara tara tana zaune da rawaninta,
ga garin da ya fasa mini dunduniya
an ce ya kawo shaida.

Wa ya ƙirƙire ki, Tarzuna?
Ɗan makaranta ne da hutu ya ishe shi,
ko wani irina da ya taso aikin dare,
ya nemi gida a taswira ya rasa
ya gina wanda ba mai korarsa?

Na share ta. Aikina ne.
Gishirin, zaren, sarauniyar da Larabarta.
Dubu arba'in da ɗaya da ɗari biyu sun tafi ba gardama.
Shidan nan ne na rasa inda zan kai su.

Da asuba, a hanyar kamfani, ruwan Humber ya janye.
Can cikin taɓo wani zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya.
Na tsaya ina kallonsa har bas ta wuce ni.
Ba ni da wanda zan kafa shaida.